Babi Na Biyar: Tsuntsu Ɗaya, Salo Iri-Iri

Idan ɗalibin zane ya wuce matakin riƙon fensir, hannunsa ya daina rawa a kan miƙaƙƙen layi da da'ira, har ya fara gane yadda haske da inuwa suke raba jikin tulu gida biyu, to lokaci ya yi da zai nemi wata halitta mai motsi wadda zai lazimci nazarinta kwana da kwanaki. Kuma a ganina, cikin dukan abin da Allah Ya watsa a bayan ƙasa, babu wanda ya fi tsuntsu dacewa da wannan hidima. Yana kusa da kowa, na birni da na ƙauye, sa'an nan ɗan jikin nan nasa ya tattara kusan dukan mas'alolin da mai zane zai yi ta karo da su iyakar rayuwarsa: ga tauri a baki da farce, ga taushi a gashin ƙirji, ga kaifin layi a bakin fiffike, ga launi, ga kuma motsin da ba ya jiran kowa.

Shawarar da zan ba mai karatu a wannan babi ita ce ya zaɓi tsuntsu guda tak, wanda yake gani kullum, ya yi ta zana shi bi da bi a kan tafarkin magabatan wannan sana'a na ƙasashe dabam-dabam, yau kamar yadda mutanen tsohuwar Masar za su fitar da shi, gobe kamar mai zanen fadar Indiya, jibi kamar mutumin Sin mai tawada da burushi. Wanda bai gwada ba zai ɗauka ɓarnar takarda ce, alhali a cikinsa akwai wani ilimi da da wuya a same shi ta wata hanya. Domin takarda ba ta iya ɗaukar dukan abin da ido ya gani, tilas ne mai zane ya riƙe wani abu ya saki wani, kuma daga wannan zaɓi, haɗe da irin kayan aikin da ke hannu da bukatar da ta sa aka yi zanen, salon kowace al'umma yake tsirowa. Ɗalibin da hanya ɗaya kaɗai ya sani yakan yi zaɓin bai san ya yi ba. Amma ranar da ya jera zabuwa biyar a gabansa, kowacce da kamanninta, kuma dukansu daga hannunsa suka fito, ran nan ne zai fara tambayar kansa dalilin kowane layi kafin ya ja shi.

Akwai mas'ala guda da bai kamata a tsallake ta ba, wato hukuncin suranta abu mai rai, domin na san za ta tsaya wa masu karatu da yawa a rai. Malamai sun yi saɓani a kanta. Abin da ya shahara a mazhabar Malikiyya, kamar yadda masu sharhin Muhtasar na Halil suka warware shi a babin walima, shi ne haramcin yana kan sura mai jiki wadda take da inuwa kuma gaɓoɓinta suka cika, amma wadda aka shimfiɗa a takarda ko tufa hukuncinta bai wuce karhanci ba ko barin abin da ya fi. Imam Nawawi kuwa, da waɗanda suka bi ra'ayinsa, sun haramta duka biyun, da mai inuwa da marar inuwa. Kowa ya koma ga malaminsa, ya bi abin da zuciyarsa ta natsu da shi. Wanda ya zaɓi tsantseni ma ƙofa ba ta rufe masa ba, gama yana iya tsayawa a kan fiffike, ko ƙafa, ko gashi ɗaya. Kuma ɗaya daga cikin zanukan da suka fi shahara a Turai, wanda Bajamushe Albrecht Dürer ya yi, mai ɗauke da shekarar 1512, fiffike ɗaya ne kawai na wani shuɗin tsuntsu, a shimfiɗe, ba kai ba gangar jiki, yana nan ajiye a birnin Biyana.

Zabuwa nake so mu ɗauka misali, don ana samunta a gidaje da kasuwanni, kuma ba ta da kunyar fitowa fili idan an watsa tsaba. Sharaɗin farko, kafin a ambaci sunan kowane salo, shi ne kallo. Mutum ya zauna a inuwa da hantsi, ya zuba mata ido har sai ya ga abin da bai taɓa gani ba duk da shekarun da ya yi yana cin ƙwanta: jiki dunƙulalle kamar an kife ƙwarya a kan ƙafafu biyu, wutsiya gajera mai sunkuyawa ƙasa, wuya siriri, kai ɗan ƙarami wanda ba gashi a fuskarsa sai fata mai fari-fari da shuɗi-shuɗi, da ɗan ƙahon ƙashi a tsakiyar ka, da jajayen leɓatu biyu a gefen baki. Ya duba ɗige-ɗigen nan farare, zai tarar ba watsa su aka yi barkatai ba. A jere suke sahu-sahu bisa kwanciyar gashi, ƙanana a wajen wuya, suna ƙara girma zuwa baya da haƙarƙari, har su koma ratsi-ratsi a gefen manyan gashin fiffike. Ya duba ƙafa, yatsu uku a gaba, ɗan ƙarami ɗaya a baya wanda ya ɗan ɗaga sama, kuma babu ƙaimi irin na zakara. Gaɓar nan da take lanƙwasawa baya, wadda yawancin mutane suke zaton gwiwa ce, a haƙiƙa ita ce daidai da idon sawunmu, gwiwar kuwa tana can sama a ɓoye cikin gashi. Wanda bai san haka ba ƙafafun tsuntsayensa kullum sai su fito kamar an soka su a ciki, ba su ɗauke da nauyin komai. Bayan kallo sai zanen gaggawa, kowanne kada ya kai minti ɗaya, a cika takarda da su ba tare da gogewa ba, wannan tana tsattsaga, waccan ta miƙa wuya tana sauraro, wata ta ruga da gudu.

To sa'an nan a tafi Masar. A wani kabari da ke Maidum, kudu da Alƙahira, an sami zanen dinya shida a jikin bango, uku suna fuskantar dama, uku hagu, ta bakin kowane gefe ta sunkuya tana kiwo, kuma masana sun ƙiyasta shekarunsa da kimanin 4,600. Mai zanen nan bai kula da inuwa ba, bai kuma juya tsuntsun ya fuskanci mai kallo ba. Ya tsayar da shi a gicciye, ya kewaye shi da layi mai tsabta, ya cika ciki da launi shimfiɗaɗɗe, amma duk da haka siffar ta fito sarai har ana iya bambanta irin wannan dinya da waccan. Darasin da ke nan shi ne na iyakar jiki. Ɗalibi ya zana zabuwarsa a gicciye da layi ɗaya wanda bai yanke ba, sa'an nan ya shafe cikin duka da baƙi, ya nuna wa ƙaramin yaro. In yaron ya ce kaza ce, to a koma bakin tsaba. Wanda siffar ta gagare shi yana iya neman taimako a wurin Hokusai na Japan, wanda a 1812 ya fitar da wani ɗan littafin koyarwa inda ya nuna yadda ake gina jikin dabba da tsuntsu daga da'irori da miƙaƙƙun layuka kafin a tufatar da su.

Daga nan sai fadar Mugal a Indiya, inda ya kamata a daɗe. Sarki Jahangir, wanda ya yi mulki daga 1605 zuwa 1627, mutum ne mai tsananin sha'awar halittu, har ya rubuta a tarihin rayuwarsa cewa kakan ubansa Babur ya siffanta dabbobi da yawa da alƙalami amma bai taɓa sa masu zane su fitar da kamanninsu ba, shi kuwa ya ga ya kamata a haɗa biyun. A 1612 aka kawo masa talotalo daga Gowa, tsuntsun da asalinsa na nahiyar Amurka ne kuma baƙo ne a fadar a lokacin, sai ya yi umarni a zana shi. Zanen da Ustaz Mansur ya yi, wanda sarkin ya yi wa laƙabi da Nadirul Asri, yana Landan har yau, kuma wanda ya dube shi zai ga kowane gashi a mazauninsa, da jajayen tsokokin wuya, da yadda hasken tagulla yake gudana a baya. Ana kuma jingina wa Mansur zanen wani tsuntsu marar tashi na tsibirin Moris, wanda Turawa suke kira dodo, wanda ya ƙare ƙaƙaf a duniya a cikin ƙarni na 17. Saboda amanar da mai zanen ya riƙe, bai ƙara ba bai rage ba, aikinsa ya zama hujja a hannun masana a kan kamannin wata halitta da babu mai sake ganinta. Masu zanen fadar nan da burushin gashin kurege suke aiki, suna haɗa launi da ƙaro, suna shimfiɗa shi siriri-siriri hawa bisa hawa, suna goge takardar da dutse mai santsi har ta yi sheƙi. A wannan salo ne zabuwa take jarraba haƙurin mutum. Sai an fara jan layuka masu rauni da fensir bisa lanƙwasar jiki, a shimfiɗa launin toka mai duhu a bar shi ya bushe, kana a bi sahun nan ana ɗiga fari ɗaya bayan ɗaya, ana matse ɗigon a inda jiki ya juya baya don ya nuna dunƙulewa. Aikin mako guda ne ko fiye, kuma ina roƙon ɗalibi kada ya gajarta shi, domin duk sauƙin da zai samu a salon da ke gaba a nan ake biyan kuɗinsa.

Wannan tsananin lura ba Indiya kaɗai ta san shi ba. An ruwaito cewa Sarki Huizong na daular Song a ƙasar Sin, wanda ya hau mulki a 1100 kuma shi da kansa gwanin zanen tsuntsu da fure ne, ya taɓa sa masu zanen fadarsa su zana ɗawisu yana hawa wani ɗan tudu, suka kawo ayyuka masu ban sha'awa, ya ƙi karɓar ko ɗaya. Da suka kasa gane laifinsu sai ya sanar da su cewa ɗawisu in zai hau, ƙafar hagu yake fara ɗagawa, su kuwa duk dama suka ɗaga masa. Ko da mutum bai je ya gwada ɗawisu ba, abin da hikayar take nema a wurin mai zane a fili yake, kuma muna da irinsa a sararin samaniyarmu: belbela da zalɓe in sun tashi naɗe wuya suke yi, shamuwa da gauraka kuwa miƙe shi suke yi, wutsiyar shirwa kuma a tsage take. Manomi da makiyayi sun san wannan ko ba su taɓa faɗa ba, kuma da zarar an saɓa za su ce zanen bai yi ba.

John James Audubon ya ɗauki wata hanya. Babban littafinsa na tsuntsayen Amurka, wanda aka buga kashi-kashi daga 1827 zuwa 1838, yana da zane 435, kowane tsuntsu daidai girmansa na rai, a kan takarda mai tsawon kusan mita ɗaya, har dogayen tsuntsayen ruwa sai da ya sunkuyar da wuyansu kafin su shiga. Yakan harbo tsuntsu, ya ɗaure shi da waya a jikin allo a cikin halin da yake so, ya zana shi tun launinsa bai dushe ba. Ba na sha'awar a yi koyi da shi a wannan, gama yau akwai madubin hangen nesa da na'urar ɗaukar hoto, babu larurar kashe rai don zane, kuma a gaskiya wasu tsuntsayen nasa sun yi murɗewar da mai rai ba ya yi. Abin koyi a wurinsa shi ne bai yarda tsuntsu ya tsaya a banza ba: yana farauta, ko yana ciyar da 'ya'yansa, ko yana kare sheƙa, a kan ainihin itacen da yake sauka. Ɗalibi ya gwada haka da zabi uku a gindin dawa, ɗaya ta ɗaga kai domin inuwar shirwa ta gifta.

Wanda ya sha wahalar waɗannan duka shi ne ya cancanci shiga wurin Bada Shanren. Jinin sarautar Ming ne, an haife shi a 1626, daular kakanninsa ta faɗi a 1644 yana saurayi, ya shiga zuhudu irin na mabiya Buda, ya rayu har 1705. Tsuntsayensa da baƙar tawada kaɗai ya yi su, shafa kaɗan na burushi, sau da yawa a tsaye kan ƙafa ɗaya bisa dutse, sun ƙudundune, ƙwayar idon ta koma sama, sauran takardar kuwa fara fat. Amma baƙin cikin mutumin da ya rasa gida da dangi yana nan a cikinsu, mai kallo yana jinsa. Matsayin irin wannan zane a wurin na Mansur shi ne matsayin muhtasari a wurin littafi mai tsawo, kuma sananne ne a zauren karatu cewa ba mai iya taƙaita fanni sai wanda ya kewaye shi. Haka Picasso, wanda ubansa mai zanen tattabaru ne: kurciyarsa ta 1949, wadda aka buga a takardar sanarwar taron zaman lafiya na Faris, cikakkiya ce da gashinta da inuwarta, waɗanda ya yi da layi kaɗan daga baya suka zo. Kayan wannan darasi suna nan a kowane gida, tawadar allo da ake haɗawa da gawayi da ƙaro, a tsarma wani kashi da ruwa don a sami toka-toka, a ajiye wani da kaurinsa. Shafa ɗaya mai faɗi ta jiki, ja ɗaya na wuya, biyu na ƙafafu, ɗigo na ido. Ba gyara, ba komawa. In ta ɓaci a ɗauki wata takardar. Ɗige-ɗigen da aka yi mako ana jerawa, a nan ko a bar su gaba ɗaya, ko a bar ɗan fari nan da can ya tsaya a madadinsu, kuma ɗalibi zai yi mamakin ganin zabuwa ta fito ba tare da su ba.

Akwai kuma salon da wuƙa take yi a maimakon alƙalami. Thomas Bewick na Ingila, a littafinsa na tsuntsayen Birtaniya da ya fito juzu'i biyu a 1797 da 1804, a kan katako mai tauri yake sassaƙa, inda duk abin da aka kankare yake fitowa fari a bugu, wato mai aikin yana tunani ne daga duhu zuwa haske. Wannan ba baƙon abu ba ne ga wanda ya taɓa tsayawa a kan masu zanen ƙwarya a kasuwa. Ladi Kwali ma, gwanar ginin tukwane ta ƙasar Gwari, wadda ta shiga makarantar tukwane ta Abuja ta dā, wato Suleja, a 1954, wadda kuma hotonta yake jikin takardar naira 20, da tsinin abu take tsaga siffar tsuntsu da kifi da ƙadangare a jikin randa, ta cika su da ratsi da giciye, siffar tana bin cikin tukunyar yadda ya lanƙwasa. Guntun roba ko katako mai laushi da 'yar wuƙa sun isa a gwada, kuma zabuwa, da yake fari ce a kan baƙi tun asali, ta fi kowane tsuntsu karɓar wannan hanya.

Haɗarin da ke cikin wannan tafiya shi ne mutum ya zauna a gidan wani ya mance hanyar nasu. Taƙlidi wajibi ne ga mai farawa, amma masauki ne, kuma wanda ya kwaikwayi bugun burushin Bada Shanren ba tare da ya taɓa zama gaban tsuntsu mai rai ba, abin da zai samu bai wuce tabon tawada ba. Saboda haka kowane darasi a fara shi daga zanen gaggawar da aka yi a tsakar gida, kada a kwafi zanen magabacin kansa sai don a fahimci yadda hannunsa ya bi. Matasan da suka kafa ƙungiyar masu zane a kwalejin Zariya a 1958, irin su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, wannan mas'ala ce ta dame su, suka tsaya a kan cewa a koyi dabarun waje da kyau, a haɗa su da abin da aka gada a gida. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, kuma wanda ya girma yana ganin zayyanar allo da aikin babbar riga da zanen bangon soro, da wuya waɗannan su ƙi ɓullowa a hannunsa in ya sake shi.

Salo na ƙarshe da zan ambata shi ne mafi ƙanƙan da kai, kuma shi muka fi bukata. A 1934 Roger Tory Peterson ya fitar da ɗan littafin gane tsuntsaye a Amurka, inda ya jera masu kama da juna a shafi ɗaya, duk suna fuskantar gefe guda, ya sa 'yar kibiya tana nuna alamar da take raba wannan da wancan, don mutum ya gane tsuntsu daga nesa ba sai ya kama shi ba. A fadamun Haɗeja da Nguru tsuntsaye dubbai suke sauka kowace shekara da sanyi, wasu daga Turai suka taso, ga kuma namu na gida, burtu da cilakowa da carki da hasbiya da alhudahuda, waɗanda yaran birni da yawa sun ji sunansu a tatsuniya da karin magana amma ba za su iya nuna su ba. Ina kira ga duk ɗalibin da ya bi darussan nan har hannunsa ya faɗa, ya sayi littafin zane guda ya keɓe shi ga tsuntsayen garinsu, ya riƙa sa rana da wuri a ƙarƙashin kowane zane, ya kuma kai shi wurin maharba da masunta da tsofaffi su faɗa masa sunan tsuntsun da Hausa, ya rubuta tun suna raye.